Abin da gwajin haidurojin ya nuna mana a Zariya

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, makanikai da direbobi a Zariya ke neman madadin mai, kuma zancen “mota mai amfani da ruwa” ya yi yawa a bakin mutane. Mun haɗa ƙaramin gwaji don mu gani da idonmu: farantan sola, na'urar da ke tsaga ruwa ta fitar da iskar haidurojin, silinda, da fuwel sel mai mayar da iskar zuwa wutar lantarki, muka ɗora shi a kan keke napep na lantarki. Keken ya yi tafiya, amma lissafin ya fi tafiyar koya mana abu.

Kilo ɗaya na haidurojin yana ɗauke da ƙarfin da ya kai na dizal lita 3 da ɗoriya. Kafin a same shi, sai na'urar ta ci wuta kilowat-awa 50 zuwa 55. Na'ura mai kilowat 5 gram 90 kacal take bayarwa a awa, wato ƙasa da rabin kilo a yinin rana mai kyau. Mai son kilo guda kullum sai ya tanadi farantai sama da 20 masu wat 550, ya kuma riƙa goge su kowace safiya lokacin hunturu, don ƙurar da ke kwanciya a kansu tana rage wutar sosai. Bayan duk wannan, fuwel sel kusan rabin ƙarfin yake mayarwa, kilowat-awa 16 ko 17. Batir kuwa yana dawo da fiye da kashi 80 cikin 100 na abin da aka zuba masa. Saboda haka keken da ke zirga-zirga tsakanin Samaru, Kwangila da PZ batir ya fi dacewa da shi, kuma ba mu ba kowa shawarar ya sa kuɗinsa a keken haidurojin ba. Wurin haidurojin shi ne babbar bas da tirela masu dogon zango, inda nauyin batir da jiran caji ke cinye riba.

Ruwa ne ya fara ba mu aiki. A lissafi lita 9 ke ba da kilo ɗaya, amma na'urar ba ta karɓar ruwan burtsatse ko na leda. Gishirin da ke narke a ciki yana toshe fatar da ke tsakiyar na'urar, wutar da take ci ta ƙaru, iskar ta ragu, kuma fatar in ta lalace sai dai canji. Dole ruwan ya bi matatar RO irin ta masu fiya wata, sannan ya bi ta resin, wato ƙananan ƙwayoyin da ke tsotse ragowar gishirin, a riƙa auna shi da mita kullum. Da ruwan da matatar ke zubarwa, a yi tanadin aƙalla ninki biyu na lita 9 ɗin.

Sai tsaro, kuma a nan ne sabo da gas ɗin girki ke yaudarar ƙwararren bakanike. Gas ɗin girki yana da nauyi, ƙasa yake kwanciya, yana kuma wari. Haidurojin ya fi iska sauƙi sau 14, ba ya wari, sama yake tashi ya taru ƙarƙashin kwano. Yana kamawa da wuta daga kashi 4 har zuwa 75 cikin 100 a iska, harshen wutarsa da ƙyar ake gani da rana, kuma ɗan tartsatsin da ke fita daga riga a bushewar hunturu ya isa ya kunna shi. Shi ya sa muka buɗe rumfar daga can ƙololuwa, muka ɗaura na'urar jin yoyo a sama, muka haɗa kowane ƙarfe da wayar ƙasa. Kafin a saki haidurojin cikin bututu, ana kore iskar ciki da naiturojin, iskar da ba ta kamawa da wuta, a bi kowace mahaɗa da ruwan sabulu. Tiyon roba ba ya shiga wannan aiki. Bututun sitenles 316L ake sawa. Silindar CNG, wato gas ɗin mota, ita ma ba ta shiga wannan aiki: an yi ta ne don matsin bar 200, bas ɗin haidurojin kuwa bar 350 take ɗauka, kuma haidurojin yana ratsa wasu ƙarafan a hankali har su tsage. Duk wanda ya ce zai juya tukunyar CNG ta koma ta haidurojin, a hana shi.

Fuwel sel yana son danshi da zafin digiri 60 zuwa 80. Hunturu na busar da fatarsa, bazara na wahalar da lagireto, ƙura na toshe filta. Ƙaramar kwalbar tsaga ruwa da ake maƙala wa injin fetur ana cewa tana rage shan mai kuwa, wutar da take ja daga altaneta ta fi abin da take mayarwa.

Inda ƙaramin ɗan kasuwa ba zai iya shi kaɗai ba shi ne wurin ɗura. Na'urar tsaga ruwa tana fitar da iskar a kusan bar 30, sai kwamfuresa ta kai ta 350, kuma kwamfuresar ce mafi tsada wajen gyara. Bas mai mita 12 tana shan kusan kilo 8 a kilomita 100, don haka daga Kaduna zuwa Kano tana neman kusan kilo 20. Tasha irin wannan ba ta mayar da kuɗinta sai da motoci masu dawowa kullum. Zariya na tsakiyar wannan hanya, kuma abin da ya kamata shi ne jihohin Kaduna, Kano da Katsina su zauna da ƙungiyoyin direbobi su yarda da matsi ɗaya, bakin ɗura iri ɗaya, takardar shaidar bakanike ɗaya, tun kafin kowa ya sayi kaya. In kowace jiha ta sayo nata daban, bas ɗin Kano ba za ta sha a Kaduna ba. ECOWAS ta amince da manufarta ta haidurojin a 2023, da burin tan dubu 500 a shekara zuwa 2030, kuma ga Jami'ar Ahmadu Bello, cibiyar fasahar sufuri ta NITT da cibiyar binciken fasahar sinadarai ta NARICT duk a Zariya, waɗanda za su iya ɗaukar horo da gwajin inganci.

Rabon ƙananan sana'o'i a bayyane yake: masu fiya wata su tace ruwa, masu sola su kafa farantai su kula da su, masu walda su ƙera firam da rumfa, makanikai su koyi haɗa bututun matsi. Kowane kilo na haidurojin yana zuwa da kilo 8 na oksijin, wanda masu yankan ƙarfe ke saye in an busar da shi an ɗura. Tallafin da zai amfane su shi ne kayan aiki na haɗaka, kamar na'urar gano yoyo da silindar naiturojin, da rancen da wa'adinsa ya kai shekara 5, da kwangilar gyara a rubuce daga masu bas ɗin.