Na ce masa kwafowa ya yi, ashe ni ne ban tambaya ba

Har yau idan na tuna saƙon da yaron nan ya turo min sai inji wani abu ya tokare min ƙirji. Gajere ne, "Yaya wallahi ban kwafa ba, ga abinda nake gani a wajena", sai wani ɗan bidiyo da bai kai minti ɗaya ba da ya ɗauka da waya yana haska talabijin ɗinsa yana buga gem ɗin Cyberpunk 2077. A bidiyon ya yi harbi a bakin titi, ya juya baya, sai ga 'yan sanda tsaye a bayansa kamar daga ƙasa suka tsiro, babu mota babu jiniya. Daidai abinda ya rubuta kenan, kuma daidai abinda na ce ƙarya yake yi a kai.

Mu kusan goma sha biyu ne muke rubuta sharhin gem muna nuna wa juna, babu wanda sana'arsa ce, sha'awa ce kawai, kuma da yake na girmi yawancinsu na kuma riga su fara rubutun sai ya zama ni ake jira in duba in yi gyara. Shi wannan ƙanin namu sabo ne, sharhinsa na biyu kenan, ya rubuta a kan Cyberpunk 2077 a farkon 2024 ya ba shi maki 5 cikin 10. Ya ce 'yan sanda ba sa bin ka da mota, fitowa kawai suke a bayanka, ya ce kana ganin jirgin ƙasa yana wucewa a Night City, birnin da ke cikin gem ɗin, amma ba dama ka hau, ya ce tituna fayau ba jama'a, gine-gine kuma sai ka iso gabansu kafin hotonsu ya gama fitowa. Ni kuma a lokacin ban daɗe da gama gem ɗin a kwamfuta ba har da ƙarin labarinsa mai suna Phantom Liberty, 'yan sanda sun bi ni da mota har na gaji, rundunarsu ta musamman MaxTac sun sauko min da na kai tauraro biyar, wato ƙololuwar matakin neman mai laifi, jirgin ƙasan nan na hau shi na zauna ina kallon gari ta taga. To ina karanta nasa sai raina ya ɓaci, na ce wannan bai ma buga gem ɗin ba, tsofaffin sharhin 2020 ya je ya tattaro ya juya su da Hausa.

Kuma ban tsaya a raina ba, na rubuta, a gaban kowa. Na yi masa tatas, na ɗauki maganganunsa ɗaya bayan ɗaya ina cewa wannan ba haka ba ne, wannan ma ba haka ba ne, a ƙarshe na rufe da cewa wanda bai buga gem ba kada ya ɓata wa mutane lokaci da sharhi. Wannan jimlar ta ƙarshe ita ce har yanzu take cina.

A PS4 ya buga. Shikenan fa, abinda ban tambaya ba kenan.

Abin takaicin duk tarihin na san shi. Na san gem ɗin ya fito ranar 10 ga Disamba 2020, na san a PS4 da Xbox One ya fi shan wahala, har Sony ta cire shi daga PlayStation Store a cikin watan sai Yuni 2021 ya dawo. Na san CD Projekt Red, kamfanin da ya yi gem ɗin, sun ce afdet na 1.6 da ya fito Satumba 2022 shi ne babban afdet na ƙarshe ga tsofaffin na'urori, na san 2.0 da ya zo Satumba 2023 wanda ya sake tsarin 'yan sanda gaba ɗaya ya kawo faɗa a cikin mota, a lokacin na kwamfuta da PS5 da Xbox Series ne kaɗai, haka Phantom Liberty, haka 2.1 na Disamba 2023 da ya buɗe jirgin ƙasan. Duk wannan yana kaina. Amma da yake ni a kwamfuta nake sai kawai na ɗauka duk duniya abinda nake gani suke gani, suna ɗaya ne a jikin gem ɗin amma a gaskiya gem biyu muka buga ni da shi, kuma nasa sharhin gaskiya ne ɗari bisa ɗari a kan wanda ya buga.

Daga baya na ari PS4 na zauna na yi awa uku a kai don in gani da idona, ba don ina shakkar bidiyonsa ba, so nake inji abinda ya ji. Na tuƙa mota da gudu titi ya riga ni ɓacewa, na tsaya a kasuwar da a kwamfuta take cike maƙil na ga 'yan tsirarun mutane. Da ni ne na zuba awa arba'in a wannan, 5 ɗin nan da ya bayar ba na jin zan wuce ta.

Abinda ya fi ƙona min rai shi ne sharhin nasa yana da gyara na gaske, gyaran da zai amfane shi, ni kuma na bar shi na je ina faɗa da makinsa. Sakin layi biyu na farko tarihin kamfanin ne zalla, mai karatu zai gaji kafin ya iso inda ake maganar wasan. Wajen rabin rubutun labarin gem ɗin yake bayarwa daki-daki, har ya tona abinda ya faru da abokin V, jarumin gem ɗin, a ƙarshen kashin farko ba tare da ya gargaɗi kowa ba, wanda bai buga ba an gama da shi kenan. Sannan yana yawan cewa "faɗan yana da daɗi", "labarin ya yi kyau" ya wuce, bai ce wane faɗa ba, me ya faru, me ya sa ya ji daɗin. Inda ya yi maganar Johnny Silverhand, ɗaya daga cikin manyan mutanen labarin, ne kaɗai ya kawo misali, ya ce akwai lokacin da ya ajiye wasan yana tunanin ko ya yarda da mutumin nan ko kar ya yarda, wallahi wannan wajen ya fi duk abinda ni na rubuta a nawa sharhin, kuma ko kalma ɗaya ban ce masa a kai ba. Babban gyaran kuwa layi ɗaya ne tak, ya rubuta a sama cewa a PS4 ya buga, siga kaza, awa kaza. Da na ce masa "ƙanena a wace na'ura ka buga?" da a nan maganar ta ƙare, shi ya koyi abu ni ma ban zubar da girmana ba.

Yanzu kafin in ce uffan a kan sharhin kowa sai na yi wannan tambayar, wace na'ura, wane afdet, awa nawa ka yi, ka kai ƙarshe ko baka kai ba. Wasu har suna ganin na cika tambaya, ban damu ba. Gem ba kamar littafi ba ne da za a buga a ajiye, yana canzawa a ƙarƙashinka, No Man's Sky na 2016 da wanda mutum zai kunna bayan afdet ɗin Next na 2018 ba abu ɗaya ba ne, duk wanda yake bin gem ya san haka, sai dai sanin ba ya hana ka mantawa ranar da kake jin kai ne gwani.

Maki kuwa na daina taɓa shi kwata-kwata. Idan mutum ya ba gem ɗin da nake mutuwar so 4 nasa ne, abinda nake dubawa shi ne rubutun ya kai ni ga 4 ɗin ko bai kai ni ba. In ya yabi gem tun daga sama har ƙasa sannan ya ba shi 4, nan zan ce masa akwai abinda ka ji baka rubuta ba, fito da shi. In ya ce wani abu babu shi a gem ɗin ni kuma na san akwai, sai in ce "a wajena na ga kaza, a wajenka fa?" domin ko da na tabbata, wancan karon ma ai na tabbata. Kuma ba na jibga wa sabon marubuci gyara goma a lokaci guda, biyu ko uku da suka fi girma, in nuna masa wajen da ya yi kyau in faɗi dalilin kyansa don ya san abinda zai ƙara yi, in gyaran mai nauyi ne in same shi shi kaɗai. Kalmar "ka kwafa" kuwa, wannan tuhuma ce ba gyara ba, in ba ka riƙe asalin rubutun da aka kwafa a hannunka ba kada ka bari ta fito daga bakinka.

Na ba shi haƙuri a gaban mutanen da na ci masa fuska a gabansu, na faɗi ƙarara cewa shi ne da gaskiya, na kawo bayanin 1.6 da 2.0 don kowa ya gane inda na kauce. Ya ce "ba komai Yaya, ya wuce". Amma wata biyar bai sake rubuta komai ba, kuma wasu biyu da suke shirin nuna nasu na farko suka yi shiru, ɗaya daga baya ya gaya min cewa ganin abinda aka yi wa wancan ne ya sa gwiwarsa ta yi sanyi. Wannan ban ma san na jawo shi ba sai da aka faɗa min.

Ya dawo rubutu yanzu, kwanaki ya yi sharhi a kan Hades, layin farko ya sa na'urar da ya buga da awannin da ya yi, ya kawo misalai, bai tona ƙarshe ba, ya yi kyau sosai. Wani daga cikinmu ya tura wa ya duba masa kafin ya fitar, ba ni ba. Na karanta sau biyu na rubuta masa abubuwa uku da suka burge ni, ya amsa da "na gode Yaya", har yanzu dai bai turo min wani in duba masa ba.