Tsohuwa ta wuni a gareji

Yau ban je gona ba. Cikin tayar gaba ta hagu ya jiƙe da baƙin mai, ƙura ta manne a kai, kuma jiya a hanyar dawowa, bayan Tudun Wada, da na taka birki sai na ji motata, Tsohuwa, tana ja dama. Wanda ya saba da Land Cruiser mai aksil ɗin gaba ɗan sanda ya san abin da hakan ke nufi: mai ya kai ga birki. Ana gama karin kumallo na wuce wurin Oga, makanikena.

Gari ya yi daɗi, an sha ruwa da daddare, iska mai sanyi. Oga ma yana cikin nishaɗi, har ya aika aka sayo mana ƙosai. Ya durƙusa, ya lakato man da yatsa, ya shinshina.

"Alhaji, man giya ne. Sil ɗin ciki ya tafi."

Na ce a buɗe gefen biyu gaba ɗaya, tunda damina ta yi nisa kuma hanyar Doguwa ba ta san uzuri ba.

Ina son kallon wannan aikin, shi ya sa na ja benci na zauna. Aka ɗaga ta a jak, aka tokare, aka cire taya, aka kwance birki aka rataye shi da waya don kada tiyonsa ya ja. Murfin hob ya ɗan yi gardama saboda ƙananan washan nan masu kai kamar mazurari, sai da Oga ya yi ta bubbuga gefe da ƙarfen tagulla suna tsalle ɗaya bayan ɗaya. Sai manyan notin nan guda biyu da soket mai lamba 54 kaɗai ke kama su, sai boris, sai sifindil. Ana zare sifindil abin da ke cikin ƙoƙon ƙarshen aksil, inda gaɓar shaf take zaune, ya kwararo ƙasa. Wurin da ya kamata a tarar da gris mai kauri, baƙi, sai ga shi ya tsinke kamar kunun da aka cika wa ruwa, da warin man giya mai hawa kai. Haka abin yake faruwa. Sil ɗin da ke bakin bututun aksil shi ne ke raba man difarenshal da gris ɗin gaɓar shaf. Da ya saki, mai ya ketaro, ya narkar da gris, ya bi ta tsumman bayan ƙoƙo ya fito waje, gaɓar kuma ta koma juyawa a bushe-bushe. Daga nan ne mutum zai fara jin ƙas-ƙas idan ya sa ogzileri, giyar jan tayoyi huɗu, ya karya kwana.

Alhamdu lillahi tamu ba ta kai nan ba. Oga ya zaro shaf ɗin hagu, dogon nan (na dama gajere ne, don difarenshal ɗin ya fi karkata dama), ya miƙa wa yaronsa Auta ya wanke da kananzir. Ƙwallayen nan shida lafiya lau, kejinsu bai tsage ba. Inda leɓen sil ke gogar shaf ya ɗan yi zane, amma farce ba ya maƙalewa a ciki. Na ji daɗi ƙwarai, don kuɗin sabuwar gaɓa a yanzu ba abin wasa ba ne.

Na tafi kasuwar Ƙofar Ruwa sayen kaya: cunkoso, taɓo, ciniki. Na samo sil biyu, gaskit, tsumma da robar bayan ƙoƙo, boris na sama da na ƙasa, baƙin gris na gaɓa, da man giya mai lamba 90. Na haɗu da Kawu a can yana cinikin kwanon rufi, ya riƙe ni da zancen taki.

To, ga abin da ya hana ni sukuni.

Na dawo na tarar Auta ya shimfiɗa kwali, ya jera komai bi da bi. Siraran farantan nan da ake sawa ƙarƙashin murfin boris ɗin ƙoƙo, ya ware na sama daban, na ƙasa daban, na hagu daban da na dama, ya rubuta da alli a gefen kowanne. Ba wanda ya sa shi. Su ne ke tsayar da ƙoƙo daidai tsakiya, idan aka cakuɗa su shaf zai riƙa cin gefe ɗaya na sil, kafin wani lokaci an dawo gidan jiya. Na sha ganin manyan makanikai suna watsa su cikin kwano ɗaya.

Oga ya buga sabon sil a hankali, ya shafa masa mai a leɓe, yana shirin mayar da shaf. Sai Auta, yana tsugune da hannu cikin kananzir, ya ce a ƙasa-ƙasa:

"Oga, wancan karon ma fa wannan gefen aka sa wa sabo. Ko a duba numfashin aksil ɗin?"

Oga bai ko juyo ba.

"Kai ne ogan ko ni? Wanke abin da aka sa ka."

Direbobin da ke jira a inuwa suka kwashe da dariya, wani ya ce yaro ya zama injiniya. Auta ya sunkuyar da kai ya ci gaba da wanki. Na ga kunnuwansa, na ga yadda ya riƙa cuɗa ƙarfen da ya riga ya fita tas.

Aka kira Azahar. Na riga su fitowa daga masallaci, a zatona, sai na hango ƙafafun Oga a ƙarƙashin mota. Ya kwance ɗan bututun nan mai hula da ke saman aksil. Ya toshe ƙam da busasshiyar laka, sai da ya sa waya ya zuƙula, ya jiƙa shi a kananzir, ya hura, kafin iska ta wuce. Da mutane suka taru ya ɗaga shi sama ya nuna min.

"Alhaji, ka ga abin da ke kashe maka sil. Mai in ya yi zafi iskar ciki tana kumbura, in ba ta samu hanya ba sai ta tura mai ta sil. Kuma in ka shiga rafi da aksil mai zafi, ya huce nan take, sai ya zuƙo ruwa."

Duk gaskiya ne. Auta na tsaye a bayansa riƙe da gwangwanin gris.

Na ce, "Oga, ai abin da Auta ya faɗa ke nan ɗazu."

Ya yi murmushi, ya ce, "A wurin wa ya koya, Alhaji?"

Shi ke nan, zance ya mutu. Aka cika gaɓa da gris, aka mayar da shaf yana jujjuya shi har haƙoransa suka shiga, aka zuba gris a ƙoƙo ba a cika shi taf ba, aka ɗaure, aka auna taurin juyawarsa, aka wanke birki aka sa sabon fata. Gefen dama ya fi sauri. Aiki ya yi kyau, ba ni da abin cewa.

Amma amsar nan tana ta yi min yawo a kai. A wurinsa ya koya, wannan ba musu. Oga ne ya ɗauke shi lokacin da ko sifana bai iya riƙewa ba, shi ke ba shi na abinci, shi ya kai shi asibiti da jak ya matse masa yatsa. Na kuma san yadda aka horar da Oga kansa, ya sha ba ni labari, da mari da kwana a gareji. A ganinsa yaro ba ya gyara wa babba magana a gaban baƙi, kuma ni ma haka aka tashe ni. Sai dai yaron bai yi rashin kunya ba. Tambaya ya yi, cikin ladabi, murya a ƙasa. Ya tuna aikin da aka yi wa motar da ba tasa ba, ya haɗa wannan da wancan, ya gano abin da ya wuce mu duka. Kalma ɗaya ta ishe shi. "Ka yi daidai." Ko bayan mutane sun watse. Abin da nake tsoro shi ne gobe ya ga wani abu a motar wani, noti bai ɗauru ba ko tiyon birki ya tsage, ya tuna dariyar yau ya yi shiru. Motocin nan mutane suke ɗauka.

Da zan tafi na ba shi ɗan abin sabulu, na ce masa Allah ya yi albarka, kanka yana ja. Ya ce na gode Baba, idonsa na kan Oga, yana duba ko an gani. Wannan kallon ya dame ni fiye da tsawar da Oga ya yi masa.

Gida: ba wuta. Hajiya ta yi miyar kuɓewa ɗanya. Na ba ta labari, ta ce kada in shiga tsakanin yaro da ubangidansa, in ƙara jawo masa. Tana da hujja, na sani. Kawu ya sake kira kan taki.

Oga ya ce in mayar da ita ranar Asabar a sake duba notin hob bayan ta yi tafiya. Zan je da wuri, kafin direbobi su cika wurin, in same shi shi kaɗai. Zan kuma roƙe shi a sa wa numfashin dogon tiyo a ja shi sama cikin gidan inji saboda rafukan hanya, in ce ina so Auta ya yi aikin da hannunsa.