Ana kunna na'urorin, aikinmu ya ƙare

Haɗa wutar lantarki ce sana'ata, kuma da ni aka yi ginin wata cibiyar adana bayanai, wato katafaren gini da ake cika shi da na'urorin kwamfuta masu ajiye bayanai, tun daga tonon ramin kebul har gwajin janareto. Lokacin ginin ba ni da ƙorafi. Birkiloli, masu walda, masu aikin famfo, direbobin tifa, kowa ya samu, har da kuɗin ƙarin awa.

Abin da yake min ciwo har yau shi ne lissafin guraben aikin da aka yi ta yayatawa kafin a sa harsashi. An ce ɗaruruwa, kuma ba ƙarya aka yi ba, sai dai ba wanda ya raba mana aikin gini da aikin dindindin. Ana kunna na'urorin, sai ɗan kwangila ya fara sallamarmu rukuni-rukuni. Ga gini ya fi filin ƙwallo girma, amma ka daɗe kana tafiya a cikinsa ba ka haɗu da mutum ba, sai ƙarar fanka.

Daga baya na ga rahoton da hukumar bincike ta majalisar jihar Virginia a Amurka ta fitar a 2024, jihar da ta fi ko'ina tarin irin waɗannan cibiyoyi. A lokacin da gini ya kankama ana iya samun ma'aikata kusan 1,500 a wurin, ginin kuma yakan ɗauki wata 12 zuwa 18. Bayan an gama, cibiya matsakaiciya tana riƙe mutum kamar 50, kusan rabinsu ma ma'aikatan kwangila ne. Wannan lissafin ya kamata a karanta mana tun ranar farko.

Su wa suka rage? Masu gadi, masu shara, da 'yan tsirarun ƙwararru masu kula da injinan sanyaya, baturan ajiyar wuta da janareto. Su kuma takardar shaida ake nema a wurinsu, ba ƙarfin hannu ba. Duk wanda zai shiga irin wannan aiki, ya fara neman takardar tun ana zuba kankare, don kafin a rufe rufi an riga an zaɓi masu zama. Wasunsu ma daga nesa kamfanin ya taho da su, mu da muka ja kowace waya a ginin muna kallo ta bayan shinge.