Rufin gilashin Dyrham da ya cinye mini mako uku

Har yau in na ga hoton ɗakin lemun Dyrham Park sai na ji wani abu ya tokare mini maƙoshi. Laifin ba na ginin ba ne, nawa ne, amma haushin bai gama sauka ba.

Aikin zangon karatu ne aka ba mu: kowa ya zaɓi tsohon gini, ya auna shi, ya zana, ya bayyana abin da maginin ya nufa. Na zaɓi Dyrham, wani tsohon gidan attajirai a Ingila, don yana kusa da birnin Bath, kuma don abin ya ba ni dariya tun farko. Lemu, da a gidanmu akuya kaɗai ake kare shi daga gare ta, shi ne nan aka gina wa ɗaki na dutse da ginshiƙai. Mai gidan William Blathwayt ne, sakataren yaƙi na Sarkin Ingila William na Uku. Ya zauna a Holan, yana jin yarensu, kuma a zamanin wannan sarki da ya fito daga gidan sarautar Orange, sunan da ya yi daidai da na lemu a Turance, mallakar itatuwan lemu wata hanya ce ta nuna inda mutum ya dosa. Mai zanen gine-gine William Talman ya zana masa ɗakin a 1701, ya manna shi a jikin fuskar gabas ta gidan, ta yadda ya ɓoye sashen barori da ke bayansa.

Awo bai ba ni wahala ba. Ginshiƙan, da dogayen tagogin masu lanƙwasasshen kai, da rawanin da ke saman bango, duk na gama su lafiya. Matsalar ta fara ne da na shiga ciki na ɗaga kai. Rufin gilashi ne, haske yana zubowa a kan ganye gwanin kyau. Nan take na yanke hukunci cewa ga hikimar Talman nan, ya san lemu ɗan rana ne, ya buɗe masa sama. A kan wannan na ɗora komai. Zanen yankan ginin, lissafin haske, shafuka na yabon mutumin da ya riga zamaninsa. Mako uku cur.

Malamar da ke duba aikina ba ta kai shafi na uku ba ta ajiye biro. Ta tambaye ni ko na san shekarar da aka sa wannan rufi. Na ce 1701 mana. Ta ce in je in sake dubawa.

Rufin gilashin bai zo ba sai wajen 1800, lokacin da Humphry Repton, mai tsara lambuna, ya yi aiki a gidan. Kusan shekara ɗari ke nan ɗakin yana tsaye da rufi toshe, haske ba ya shigowa sai ta tagogin bango. Abin da na yi mako uku ina yaba wa Talman, bai taɓa ganinsa da idonsa ba. Abin da ya fi ƙona mini rai, ranar da na fara zuwa wani dattijo cikin masu aikin sa-kai ya ambaci sunan Repton, ni kuwa ina durƙushe da tef a hannu, na ce masa to, ban ma ɗago ba.

Da na zauna na yi tunani, na gano daga Kano na taho da kuskuren. A wurinmu rana daga sama take dukan mutum. Ko a Disamba, da tsakar rana tana haura digiri 50 a sararin sama. A kudancin Ingila kuwa, a tsakiyar hunturu ba ta wuce kimanin digiri 15. A kwance take shigowa, kamar hantsi. Saboda haka doguwar taga a bango ita ce ke kama ta. Kuma ɗakin lemu na wancan zamani ɗakin fakewa ne kawai. A manyan tukwane ake shuka itatuwan, a fitar da su lambu wajen watan Mayu, a mayar da su ciki kafin sanyin Oktoba ya kankama. Abokin gabarsu a hunturu daskarewa ce, kuma kaurin bango da rufi toshe sun fi gilashin lokacin riƙe ɗumi nesa ba kusa ba. Ga gilashin da tsada, ƙanana-ƙanana ake yin sa, daga baya ma aka ɗora masa haraji da ba a soke ba sai 1845.

Ba wai tsarin ya wadatar da lemun ba ne. Ɗakin lemun lambun Kew a Landan da William Chambers ya gina a 1761 duhu ya yi masa yawa, har a 1841 aka kwashe itatuwan zuwa fadar Kensington. Irin wannan ne ya sa gidaje da dama suka yaye rufinsu suka sa gilashi daga baya. Da na san haka, da tun ranar farko na zargi rufin Dyrham.

Yanzu duk tsohon ginin da na shiga, kafin in zaro tef sai na tambayi kowane sashe shekarunsa, ɗaya bayan ɗaya: bango, taga, daɓe, rufi. Rufi na fi tuhuma, don shi ake yawan canzawa. In kuma dattijon wurin ya fara magana, ajiye biro nake yi in saurara har ya gama.

Na sake zanen gaba ɗaya cikin kwana tara, ban je hutun da muka shirya da abokai ba, kuɗin tikitina ya bi ruwa. Zane biyu na miƙa a ƙarshe, ɗaya da rufi toshe na 1701, ɗaya da gilashin Repton, da layin ranar Disamba ya ratsa kowanne. Tsohon zanen yana nan a naɗe a bayan kabad, ban iya yaga shi ba, ban kuma sake buɗe shi ba.