Abin da Iskandariyya ta ƙara mini a kan karatun aji

Ɗalibin da ya zo Jami'ar Azhar daga ƙasashenmu yana iya shafe shekaru a Alƙahira bai san komai na Masar ba sai hanyar da ta haɗa masaukinsa da kwalejinsa, da kuma ofishin da ake sabunta takardar zama. Karatun yana da nauyi, kuɗin hannu kaɗan ne, kuma da yawa daga cikinmu sun taho da ra'ayin cewa yawon buɗe ido aikin masu hutu ne, bai kamaci almajiri ba. Ina girmama masu wannan ra'ayi, amma ban yarda da shi ba, kuma dalilina ita ce gajeriyar tafiyar da muka yi zuwa Iskandariyya bayan jarrabawa, ni da abokaina: Bazazzagi mai karatun injiniyan gine-gine, da mutumin Damagaram mai karatun harshen Larabci, da wani ɗan zangon Kumasi mai karatun likita. Ni kuwa fannina Hadisi ne, kuma a tafiyar nan na ga amfaninsa a wurin da ban taɓa zaton zai yi aiki ba.

Daga tashar Ramsis ta Alƙahira zuwa Iskandariyya tafiyar kilomita ɗari biyu da 'yan kai ce a jirgin ƙasa, kuma tun a cikin jirgin muka kashe maganar da ke ɓata tafiyar abokai, wato tsari da kuɗi. Birnin dogo ne siriri, ya miƙe a gaɓar Bahar Rum, kuma tsakanin fadar Muntaza da ke gabas da ganuwar Kaitbai da ke yamma akwai nisa mai cin lokaci, musamman idan motoci suka cushe a titin bakin teku. Wanda ya nace sai ya ga komai zai ƙare yininsa a cikin tasi. Muka yarda mu tsaya a tsohon gari, kowa ya zaɓi wuri guda da za a bi shi, a kuma tara kuɗin abinci da na mota a hannun mutum ɗaya. Muntaza ta faɗi a wannan zaɓe, kuma ba wanda ya sake tayar da zancenta.

Wurin da muka fara zuwa shi ne dogon ginshiƙin nan da Misirawa ke kira Amudus Sawari, Turawa kuma suke jingina shi ga Fomfe, janar ɗin Rumawa. Sandarsa dutse guda ce, jan dutsen Aswan, kuma tsayinsa duka ya kai kusan mita 27. Wani mai jagorantar baƙi yana gaya wa ayarinsa cewa an kafa shi ne don tunawa da Fomfe, suna ta gyaɗa kai suna ɗaukar hoto. Amma a gindin ginshiƙin akwai rubutun Girkanci da ke nuna cewa an kafa shi ne don girmama Sarkin Rumawa Diyokilishiyan, wajen shekara ta 300 miladiyya, alhali an kashe Fomfe a shekara ta 48 kafin haihuwar Annabi Isa, sama da shekara 300 kafin a tsayar da dutsen. Sunan ya samo asali ne daga zaton Turawan tsakiyar zamani, kuma ya bi bakin mutane har ya rinjayi shaidar da ke sassaƙe a jikin dutsen kansa. A aji an sha gaya mana cewa shaharar magana a bakin jama'a ba ta tabbatar da ingancinta, har malamai suka wallafa littattafai sukutum a kan hadisan da suka yaɗu a harsuna ba su da tushe. Na haddace wannan ƙa'ida don jarrabawa, amma ganinta tsaye a gabana, da tsayin mita 27, ya sa ta zauna mini zama na daban.

A nan ne gardama ta tashi a kan tsohon ɗakin karatun Iskandariyya, domin ginshiƙin yana tsaye ne a kangon haikalin gunkin Sarafis, wanda a da yake ɗauke da wani reshe na littattafan. Ɗan Kumasi ya ce ya taɓa karanta cewa Amru ɗan Asi, sahabin da ya jagoranci cin Masar, shi ne ya ƙona littattafan bayan ya ci birnin, aka yi wata shida ana hura wutar gidajen wanka da su. Na tambaye shi abin da za a tambaye ni a aji: wa ya faɗa, kuma yaushe ya rayu? Musulmi sun shiga Iskandariyya wajen shekara ta 642, amma wannan labari bai bayyana a rubuce ba sai a ƙarni na 13, a wurin Abdullaɗif Albagadadi da Ibnul Ƙifɗi, wato bayan kusan shekara 600. Ibnu Abdil Hakam, wanda ya rubuta tarihin cin Masar a ƙarni na 9, bai ambace shi ba. Yuhana na Nikiyu, limamin Kiristocin Kibɗawa da ya rayu a ƙarnin da abin ya faru, wanda kuma ba ya sassauta wa Amru a rubutunsa, shi ma bai ambace shi ba. A ɗaya ɓangaren, an san cewa wutar da Yuliyas Kaisar ya cinna wa jiragen ruwa a shekara ta 48 kafin haihuwar Annabi Isa ta ci littattafai, an san yaƙe-yaƙen ƙarni na 3 sun ragargaza unguwar fada, inda babban ɗakin karatun yake, kuma an rushe haikalin Sarafis a shekara ta 391. Ɗakin karatun ya mutu ne a hankali, cikin ƙarnoni, da wuta da yaƙi da janyewar kuɗin sarakuna.

Na ji daɗin wannan bayani nawa, sai mutumin Damagaram ya jefo tambayar da ta fi duk abin da na faɗa nauyi. Ya ce, “Malam, da labarin yabon Amru yake yi, za ka bi diddiginsa haka?” Tambaya ce ta gaskiya, kuma ta shafi kowane mai bincike, domin mutum yakan wasa wuƙarsa a kan labarin da bai so, ya mayar da ita kube idan labarin ya yi masa daɗi. Ba mu yi nisa ba muka sami abin gwaji. A titin Annabi Daniyal akwai masallaci mai wannan suna, kuma an daɗe ana cewa kabarin Sarki Iskandar, wanda ya kafa birnin a shekara ta 331 kafin haihuwar Annabi Isa, yana ƙarƙashinsa. Labari ne mai jan rai, kuma mun so ya zama gaskiya don mu ce mun tsaya a kansa, amma har yau masu tono ba su gano kabarin ba, a nan ko a wani wuri. Muka auna shi da ma'aunin da muka auna na farko, muka bar shi a matsayin “an ce”. Tun daga lokacin, duk labarin tarihi da zan shigar a bincikena, nakan rubuta shekarar aukuwarsa a gefe guda, da shekarar mutuwar wanda ya fara ruwaito shi a ɗaya gefen, in dubi ratar da ke tsakani kafin in dubi daɗin zancen.

Wurin da ya fi taɓa ni shi ne Kom ad-Dikka, kusa da babbar tashar jirgin ƙasa, inda masu binciken kayan tarihi daga ƙasar Folan suke tono tun 1960. Yawancin baƙi suna tsayawa ne a ƙaramin dandalin Rumawa mai matakalan farin marmara, su yi hoto su wuce. Amma a gefensa akwai jerin ɗakuna kusan 20 waɗanda masana suka tabbatar azuzuwan karatu ne na ƙarni na 5 zuwa na 7. Kowane ɗaki yana da dakalan dutse hawa-hawa da suka kewaye bango ta ɓangare uku, a ƙuryar kuma akwai mazauni da ya ɗara sauran tsayi, na malami, kuma a wasu ɗakunan akwai wani dutse a tsakiyar fili wanda ake ganin wurin tsayuwar ɗalibi ne idan zai yi karatu ko jawabi. Duk wanda ya taɓa zama a zauren malami a Kano ko Zariya, ana biya masa yana biyawa, sauran almajirai suna sauraron kurensa, zai gane wannan tsari ba tare da an yi masa bayani ba. Waɗanda suka zauna a dakalan nan falsafa da likitanci da balaga suka karanta, da harshen Girkanci, addininsu da namu ba ɗaya ba ne, amma sun san zafin tsayuwa a gaban malami da tsararraki. Ɗakunan ƙanana ne, kuma wannan ya sa na yi tunanin manyan azuzuwanmu na yau, inda malami ke magana da lasifika ga ɗaruruwan da bai san sunansu ba. A ganina mun yi asarar wani abu a nan, kuma shi ya sa ɗaliban da suka fi kowa ƙwari a cikinmu su ne waɗanda ke haɗa karatun kwaleji da zaman halƙa a masallacin Azhar.

A ganuwar Kaitbai, Bazazzagi ne ya zama malaminmu. Kaitbai, sarkin Masar na daular Mamluk, ya fara gina ta a 1477 a daidai gurbin hasumiyar fitilar Iskandariyya, wadda aka gama wajen shekara ta 280 kafin haihuwar Annabi Isa, tsayinta ya haura mita 100, tana haska wa jirage hanya har girgizar ƙasa ta 1303 da ta 1323 suka illata ta. Ibnu Baɗuɗa ya gan ta a 1326 wani gefenta ya rushe, da ya dawo a 1349 ya tarar ko ƙofarta ba a iya kaiwa. Ni da zan wuce ne in ce ginin yana da kyau, amma abokinmu ya tsayar da mu a bakin ƙofa ya ce mu dubi duwatsun. Ginin na farin dutse ne mai laushi, sai ga waɗansu manyan gandama-gandaman jan dutse a jikin ƙofar, waɗanda girmansu da irinsu ba su dace da sauran ba. Ya ce magini ba ya ɗauko irin wannan daga Aswan don ƙofa ɗaya, sai dai ya tsince shi a wurin, kuma ra'ayin masana da dama shi ne cewa daga kangon hasumiyar aka ɗebo su. Sannan ya nuna mana tulin tubalan kankare da aka jibge a bakin ruwa don karya ƙarfin igiyar teku, ya yi mana bayanin yadda gishiri ke cin farin dutse. Ido iri ɗaya muka zo da shi, amma abin da kowa ya karanta shi ke yanke masa abin da zai gani, kuma wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa ɗalibi ya yi abota da waɗanda ba fanninsu ɗaya ba.

Daga ganuwar muka gangara unguwar Bahari muka ci kifi, wanda ake zaɓa ɗanye a auna shi a kilo kafin a gasa, kuma mai hikima yakan tambayi farashi kafin kifin ya hau wuta. Sai muka yi sallah a masallacin Abul Abbas Almursi. Shi mutumin Mursiya ne ta ƙasar Andalus, almajirin Abul Hasan Shazali, malamin Ibnu Aɗa'illahi, kuma ginin da ake gani yanzu na ƙarni na 20 ne, da hannun wani mai zanen gine-gine Ba'italiye, Mariyo Rossi. Dab da shi akwai masallacin Imam Busiri, inda baitocin Burda ke rubuce a bango. Mutumin Damagaram ya ɗaga kai ya kama baiti guda, sai ya ci gaba da ka, da irin muryar da ya koya tun yana yaro a gidansu, har wani dattijo Bamisire ya matso ya ce, “Daga ina, ya ɗana?” Da aka ce masa Nijar, ya yi ta mamakin nisan da waƙar ta yi. Mu kuma abin da ya ba mu mamaki shi ne cewa mun rayu da baitocin nan tun ƙuruciya ba mu taɓa haɗa su da wani gari mai tituna da masunta ba.

Sabon ɗakin karatun, wanda aka buɗe a 2002, shi ne zaɓin ɗan Kumasi. Wani kamfanin zanen gine-gine na ƙasar Norwe ne ya tsara shi, faifai ne babba da ya karkata yana fuskantar teku, bangonsa na waje an sassaƙa masa haruffan rubuce-rubucen duniya kusan 120, zauren karatun kuma hawa-hawa ne, da tagogin rufi da aka tsara yadda haske zai shigo ba tare da rana ta bugi littafi ba. An gina shi don ya ɗauki littattafai miliyan 8, amma abin da ke ciki bai kusanci haka ba, duk da kyautar littattafai 500,000 da babban ɗakin karatun Faransa ya bayar. Gini yana tashi cikin 'yan shekaru idan akwai kuɗi, tara littattafai da masu karanta su kuwa aikin zuriya bayan zuriya ne, kuma abin da ya faranta mini rai shi ne ganin teburan cike da ɗaliban jami'ar da ke tsallaken titi, kowa ya duƙufa. A nan abokinmu likita ya ba mu labarin cewa sarakunan Baɗalisa, Girkawan da suka mulki Masar bayan Iskandar, sukan ƙwace duk littafin da aka samu a jirgin da ya tsaya a tashar birnin, a kwafe shi, a riƙe na asali a mayar wa mai shi kwafin. Kafin in buɗe baki, shi da kansa ya ƙara da cewa Jalinus ne ya ruwaito, likitan da ya yi karatu a Iskandariyya a ƙarni na 2 miladiyya, kuma tsakaninsa da sarkin da yake ba da labarinsa akwai kusan shekara 400.