Rufe kaye ka faɗa

Maki 6 cikin 20 na samu a jarrabawar ilimin sinadarai, zangon farko na shekarata ta farko a jami'a, a nan Maradi. Na daɗe tsaye gaban allon da aka liƙa sakamako ina bin layin sunana da yatsa, ko na tsallaka layin wani ne. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ban yi wasa ba. Saura mako uku a fara jarrabawa na bar zuwa fada wurin hira da abokai, na bar kallon ƙwallo, kullum bayan isha'i ina kan tabarma da kaye, wato littafin rubutu, da fotokopin darasi har ƙarfe biyun dare. Shafi guda sai in karanta shi sau biyar, in ja layi da jan bik ƙarƙashin duk abin da na ga muhimmi, har shafin ya rine. In na duba sai in ji na san komai. Ranar jarrabawa kuwa na ga tambayar, na gane ta, har na tuna gefen shafin da amsar take, amma amsar ta ƙi fitowa.

Wanda ya gano mini ciwon bai taɓa taka lakwal ba. Kawuna ne, malamin allo. Ya same ni a zaure bayan la'asar ina ta juya kaye, ina shirin zagaye na biyu da ake ba waɗanda suka faɗi, wanda muke ce wa ratirapaj.

"Ɗana, tun ɗazu nake kallonka, ido kawai kake bi da shi. Wa kake biya wa?"

"Kawu, mu namu karatun ba a biyawa."

Ya miƙo hannu ya karɓi kayen, ya rufe, ya ɗora a cinya. "To faɗa mini abin da ke shafin da ka gama yanzu."

Jimla biyu na kawo, na tsaya cak. Bai yi mini dariya ba. Ya ce, "Yana cikin takarda, bai shigo cikinka ba tukuna."

Na yi allo a gabansa tun ina ƙarami, amma ban taɓa haɗa wancan karatu da wannan ba. A makarantar allo yaro ba ya wanke allonsa don ya ce ya iya, sai ya biya wa malam tukuna. In ya shiga hadda, kife allon yake ya kawo da ka. Kuma ba a barin na baya don an samu ƙari, kullum akwai tilawa, ana komawa kan abin da aka wuce tun watanni. Alaramma kuwa, shedarsa ita ce ya zauna ya rubuta Alƙur'ani ba tare da ya duba ba. Duk tsarin a kan fitar da karatu daga ka ya tsaya. Ni kuwa zubawa kawai nake ta yi, ban taɓa gwada ɗebowa ba sai a ɗakin jarrabawa.

Daga baya na tarar masu binciken ƙwaƙwalwa ma nan suka tsaya. Tun 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya auna mantuwa a kan kansa, ya nuna cewa sabon abu ya fi saurin zubewa a sa'o'i da kwanakin farko, daga nan zubewar ta lafa, kuma in an koma kansa bayan ɗan lokaci yakan ƙara zama. A 2006 wasu masana biyu a Amurka, Roediger da Karpicke, suka ba ɗalibai wani rubutu. Wasu suka yi ta maimaita karantawa, wasu suka karanta a zama ɗaya aka sa su rubuto abin da suka tuna har sau uku. Da aka gwada su bayan minti biyar, masu maimaitawa ne a gaba. Bayan mako guda sai abu ya juya: masu rubutowa da ka sun tuna kusan kashi 61 cikin 100, masu maimaitawa kashi 40. Minti biyar ɗin nan su suka yaudare ni. Maimaita karatu yana sa ido ya saba da shafi, sai mutum ya ɗauki sabo a matsayin sani.

Sai dai hadda kaɗai ba ta fid da ɗalibin jami'a, kuma a nan matsalarmu ta fi ta wasu. Da Faransanci ake koyar da mu, a gida kuma da Hausa muke tunani. Ɗalibi yana iya haddace ma'anar abu da Faransanci kalma bayan kalma, alhali bai san abin da take nufi ba. Malami ya ɗan juya tambayar, shi ke nan an bar shi a tasha. Don haka na ƙara wa hanyar kawu mataki ɗaya: in na rufe kaye, da Hausa zan faɗa. Fannin noma na karanta, kuma wadda na fi gwadawa a kanta ita ce Inna. Wani dare tana tsince wake a faifai na zauna kusa da ita, na ce zan gaya mata dalilin da ya sa ake shuka wake tsakanin gero. Na ce a saiwar wake akwai ƴan ƙulle-ƙulle, a cikinsu wasu ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani, suna kamo sinadarin azot daga iska su mai da shi abincin shuka. Ta ɗago kai ta ce, "To iska ta yaya take kai wa saiwa a ƙarƙashin ƙasa?" Na yi shiru. Na karanta babin nan ya fi sau goma, wannan tambaya ba ta taɓa zo mini ba. A daren na koma na nemo yadda iska ke zama a ƙofofin da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa, da abin da ke faruwa in ruwa ya kwanta ya toshe su. Har yau ban manta ba.

Tsarin da jami'o'inmu ke bi ma ba ya jiran mai karatun mako uku. Lisans, wato digirin farko, shekara uku ce, zango shida, kowane zango kiredi 30 (ma'aunin nauyin darussa ke nan), gaba ɗaya 180, ga ƙananan gwaje-gwaje a tsakiyar zango da ke shiga lissafin maki. Kafin ka farga zango ya ƙare. Sai na tsara kaina a kan lokutan salla, don su ne agogon da ba ya kuskure. Darasin da aka yi yau, bayan magariba zan ɗauki farar takarda in rubuto abin da na tuna, sannan in buɗe kaye in cike giɓin da jan bik. Jan bik ɗin ya sake aiki ke nan, yanzu abin da na manta yake nuna mini. Bayan kwana biyu in sake, bayan mako in sake, sannan bayan wata. Abu mai wuya, lissafi da sinadarai, bayan asuba nake ajiye shi. Duk wanda ya san Maradi a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ya san tsakanin azahar da la'asar ba a neman komai wurin ƙwaƙwalwa.

Mu huɗu muka haɗa ƙungiya. Muka shafa baƙin fenti a bangon gidan ɗayanmu, muka sayi alli. Wayoyi a cikin kwano ɗaya muke zuba su, a rufe da faifai sai an tashi. Kowa zai miƙe gaban bango hannu sake, ya warware tambaya, sauran su yi ta yi masa tambayoyi har sai ya kai inda ya tsaya. Ran da wuta ta ɗauke mu koma ƙarƙashin fitilar titi. Tsofaffin tambayoyin shekarun baya muka karɓo daga waɗanda suka riga mu, muna yin su da agogo, awa biyu cif, ba leƙe. A nan na gano ina ɓata rabin lokacina kan tambaya ta farko. Na koyi in karanta takardar gaba ɗaya tukuna, in duba makin kowace tambaya, in fara da wadda na fi riƙewa.

Kwanan zaune da shayi mai ɗaci a daren jarrabawa kuma na bar shi har abada. A cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke daidaita abin da aka koya da rana, wanda ya hana ta barci ya hana karatunsa zama. Ina jin tausayin ɗaliban da nake gani suna shan ƙwayoyin hana barci a wannan lokaci, da na samu dama sai na ja su gefe na yi musu magana.

A ratirapaj na samu 13. Na kai wa kawu labari, ya sa mini albarka, ya ce kada in bar tilawa.

Bana ƙanwata ta ci bak, jarrabawar gama sakandare, ta samu gurbi a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta nan Maradi. Shekaranjiya na tarar da ita a tsakar gida da kaye a buɗe, bakinta na motsi. Na karɓa na rufe. Ta ce, "Yaya, don Allah bari in ƙara dubawa sau ɗaya." Na miƙa mata farar takarda da bik. Layi huɗu ta rubuto, ta ɓata rai. Jiya da magariba ita ta zo ta same ni a zaure, ta ajiye kayen a gabana a rufe, ta ce in yi mata tambaya.