Tambayar da wani dattijo ya yi mini a harabar Masallacin Annabi

Ina shekara ta biyu a Kwalejin Shari'a ta Jami'ar Musulunci ta Madina abin ya faru. Kafin nan na share shekara biyu a ma'ahadin koyon Larabci, kamar yawancinmu da muka taso daga Najeriya da Nijar. A lokacin da za ka tambaye ni mece ce nasara a jami'a, amsata ɗaya ce: mu'addal, wato jimillar makin da ake aunawa bisa biyar. Wanda ya kai 4.50 shi ne mumtaz, wato matakin ƙoli, daga 3.75 kuma jayyid jiddan, mai bi masa. Kowa ya san mai neman a ɗauke shi majistir, wato digiri na biyu, sai makinsa ya yi sama. Ni kuma ban manta da yadda dangi suka cika mota biyu suka raka ni filin jirgin Kano ba. Ban ga da wane ido zan dube su ba in na koma da makbul, matakin ƙasa na cin jarrabawa.

Karatuna a lokacin na muzakkira ne, wato 'yan takardun taƙaitawa da ɗaliban da suka gabace mu suka bari, ana ta gadonsu hannu da hannu. In jarrabawa ta rage mako biyu sai in kulle kaina a ɗaki da butar shayi, in yi ta hadda har kiran assalatu. In shiga in juye a takarda, maki ya fito da kyau. Bayan wata guda in ka tambaye ni babin, sai kame-kame.

Wata ranar Azumi bayan La'asar muna zaune ƙarƙashin manyan laimomin harabar Masallacin Annabi, ni da abokin ɗakina ɗan Damagaram. Wani dattijo da ya zo Umara ya ji muna Hausa, ya matso da jakar takalmansa rataye a wuya, carbi a hannu.

"Samari, ku ne ɗaliban jami'ar nan?"

Muka ce, "Mu ne, Baba."

Ya ce raka'a ɗaya ta kuɓuce masa a wani masallaci kusa da masaukinsu, liman kuma ya yi rafkanuwa ya yi sujada biyu kafin sallama. Shi ya rasa: ya bi liman ne, ko ya jira sai ya cika sallarsa?

Babin nan na ci shi da maki mai yawa wata uku da suka wuce. Na buɗe baki na fara jero cewa Abu Hanifa na ganin sujadar rafkanuwa bayan sallama take, Shafi'i na ganin kafin sallama, Malik ya rarrabe. Rabin maganar Larabci ce, don ban taɓa faɗin ta da Hausa ba. Dattijon ya saurare ni har na kai aya, sannan ya ce a hankali, "To ɗana, ni yanzu yaya zan yi?"

Na yi shiru. Abokina, wanda makinsa bai taɓa kamo nawa ba, ya ce, "Baba, tunda kun samu raka'a tare da shi, in ƙabli ce ku bi shi ku yi tare, sannan ku miƙe ku kawo abin da ya wuce ku. In ba'adi ce kada ku bi shi, sai kun cika kun sallame ku yi taku." Dattijon ya gyaɗa kai. "Haka malaminmu na Ahalari ya biya mana tun muna yara. Tsufa ne. Allah ya yi muku albarka."

A motar da ke mayar da mu jami'a daren nan ban ce uffan ba. Mas'alar da yaro ke biyawa a zaure a gida ita ce ta gagare ni a birnin Manzo. Na tuna cewa tun da aka kafa jami'ar nan a 1961 ana kwaso 'ya'yan Musulmi daga ƙasashe ne don su koma su karantar da mutanensu, kuma mutanena da Hausa za su tambaye ni.

Abu na farko da na sauya shi ne na koma wa littafin kansa. Fiƙihunmu a Bidayatul Mujtahid muke yin sa, na Ibn Rushd, alƙalin Ƙurɗuba da ya rasu a 595 bayan Hijira. Muzakkira tana ba ka wane ya ce kaza, wane ya ce kaza, ta tsaya. Shi kuwa Ibn Rushd bayan ya jero maganganu sai ya faɗi dalilin saɓanin, kuma a nan karatun yake. A babin rafkanuwa, hadisin Ibn Buhaina ya nuna Annabi (SAW) ya miƙe bai yi zaman tahiyar farko ba, ya yi sujada kafin sallama. A hadisin Zul Yadaini kuma ya sallame bayan raka'a biyu, ya cika, ya yi sujada bayan sallama. Malik ya duba ya ga na farkon ragi ne, na biyun ƙari, sai ya ce ragi ƙabli, ƙari ba'adi. Ranar da na fahimci wannan ban sake buƙatar haddace jerin sunayen ba, domin kowace magana na san inda ta fito. Shafi uku kan ci mini sa'a guda, inda da nake gama muzakkirar babi sukutum, amma abin da ya shiga ta wannan hanya yana zama.

Sai muka ƙulla yarjejeniya da abokina. Duk ranar karatu, Lahadi zuwa Alhamis, bayan Isha'i ɗayanmu zai rufe littafi ya maimaita darasin ranar da Hausa zalla, ɗayan ya zama mai tambaya, kamar tsohuwa ko ɗan kasuwa. Kalmar Larabci ta shigo, sai a ce, "Me ke nan, Malam?" Wallahi nan ne asirin mutum ke tonuwa. Sau da yawa ina ganin na gane abu, sai in zo faɗa da harshen uwata in tarar lafazin kawai na riƙe. Duk inda na cije nakan sa alama, washegari in tari malamin darasin da ita a bakin aji.

Hadda na mayar da ita bayan Asuba, kaɗan-kaɗan, tare da tilawar na baya ranar Asabar. Kwanan zaune na daina shi, na riƙe ƙailula, don zafin Madina da rana ba ya barin kai ya ɗauki komai.

Zangon farko da na bi wannan tsari makina ya ɗan sauka, na faɗo jayyid jiddan, domin ban kai ƙarshen wasu babuka ba kafin jarrabawa. Ya yi mini ciwo, har na kwana biyu ban kira gida ba. Ba na cikin masu cewa maki ba komai ba ne. Da shi ake buɗe ƙofar gaba da karatu, kuma wanda fashinsa ya wuce kashi 25 cikin ɗari na darasi ba a ma barinsa ya zauna jarrabawar. Abin da na gyara shi ne fara littafi tun makon farko na zango, muzakkira kuma ta zama ta bitar ƙarshe kawai. A zango na gaba makin ya dawo, kuma a karon farko na shiga ɗakin jarrabawa bayan na yi barcina cikakke.

A Azumin shekarata ta ƙarshe wata hajiya daga Katsina ta tare ni kusa da Baƙi'a tana tambaya kan kwanakin da ta sha saboda tafiya da rashin lafiya, ko ramuwa ce a kanta ko ciyarwa. Na tambaye ta irin ciwon da abin da likita ya ce mata, na yi mata bayani da Hausa. Sai ta ƙara wata tambaya kan rabon gadon gidan mijinta, mai magada da yawa. Na ce, "Hajiya, wannan sai an zauna da takarda da alƙalami, kada in yi miki gaggawa." Na rubuta sunayen magadan a bayan littafina, muka yi alkawarin haɗuwa a wurin bayan La'asar ta gobe.